Giuseppe Mercalli: Malamin Cocin Da Ya Auna Girgizar Ƙasa Da Ɓarnar Gine-gine

Idan ƙasa ta lafa da girgiza, babbar damuwar wanda ya tsira ita ce ko gidansa zai kwanu. A Amurka da Japan injiniyoyi kan bi gida-gida cikin 'yan kwanaki, su duba tsagewar bango da karkatar ginshiƙi, sannan su manna takarda koriya, rawaya ko ja a ƙofa. Cikin magabatan da suka shimfiɗa ƙa'idar duban ɓarna irin wannan akwai Giuseppe Mercalli.

An haife shi a birnin Milan na ƙasar Italiya ranar 21 ga Mayu, 1850. Ya zama malamin cocin Katolika, amma ilimin duwatsu da aman wuta ne ya ja hankalinsa. A 1883, da girgizar ƙasa ta rusa garin Casamicciola, ta hallaka mutum fiye da 2,000, ya je da kansa ya nazarci kangayen.

A 1902 aka san shi da ma'auninsa mai matakai goma. Bai dogara da na'ura ba. Abin da mutane suka ji da abin da ido ya gani shi ne hujja: a matakan farko 'yan kaɗan ne ke jin motsin, a tsakiya bango ya tsage, bututun hayaƙi ya faɗo, a na goma gidaje su kwanta da yawa. Daga baya wasu masana suka kai matakan goma sha biyu.

Ma'aunin yana da rauni, domin ginin da aka yi wa ha'inci kan rushe ko da girgizar ba ta kai ta kawo ba, kuma ba ya yanke hukunci kan gida guda. Duk da haka ya fi ma'aunin Richter na 1935 kusa da bukatar mai ceto. Richter ƙarfin girgizar yake faɗa, lamba ɗaya tak, shi kuwa na Mercalli yana nuna inda ɓarnar ta fi muni, gari da gari.

A 1911 aka naɗa shi shugaban cibiyar lura da dutsen Vesuvius mai aman wuta. Mutumin da ya shafe shekaru yana kusantar bakin dutsen, gobarar ɗaki ce ta zama ajalinsa a Napoli cikin Maris 1914. An ɗora laifin a kan fitilar kananzir, ko da yake an yi zargin kisa ne aka yi masa.