Tarihin marigayi Isa Wali, jakadan Nijeriya a Ghana

An haifi Malam Isa Wali a birnin Kano a shekarar 1928, a gidan ilimi da sarauta. Mahaifinsa, Wali Sulaiman, babban malamin ɗarikar Tijjaniyya ne, kuma na hannun daman Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Marubucin nan Na'ibi Sulaiman Wali ɗan'uwansa ne.

Ya yi karatu a makarantar Midil ta Kano, daga nan ya shiga Makarantar Nazarin Larabci, inda ya ƙware a Larabci da fikihu. Bayan ya kammala, ya kama aiki a Majalisar Dokokin Jihar Arewa da ke Kaduna, inda ya fara da aikin tafinta.

A shekarar 1956 ne sunansa ya karaɗe Arewa, sakamakon wasu maƙalu da ya rubuta a jaridar Nigerian Citizen ta Zariya a kan matsayin mata a Musulunci.

Malam Isa ya kafa hujja da Alƙur'ani da hadisi cewa da yawa daga cikin abubuwan da ake yi wa mata a ƙasar Hausa al'ada ce aka lulluɓe da rigar addini. Ya taɓo batun kulle da auren mace fiye da ɗaya ba tare da adalci ba, ya kuma yi kira da a ilimantar da 'ya'ya mata.

Maƙalun sun tayar da ƙura. Wasu malamai da masu mulki sun yi masa ca, ganin cewa mai maganar ɗan gida ne, wanda ba za a iya cewa bai san littattafan ba. Matasa 'yan boko kuwa da dama sun mara masa baya.

Ba a daɗe ba ya bar Kaduna ya koma aikin gwamnatin tarayya, ya shiga sahun 'yan Nijeriya na farko da aka horar kan aikin jakadanci gabanin samun 'yancin kai a 1960. Ya yi aiki a birnin New York na Amurka, sannan ya shugabanci sashen harkokin Afirka a ma'aikatar harkokin waje da ke Legas.

A 1964 aka tura shi Accra a matsayin babban jakadan Nijeriya a Ghana, lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin gwamnatin Abubakar Tafawa Balewa da ta Kwame Nkrumah. Nkrumah na neman a kafa gwamnatin Afirka guda nan take, Nijeriya kuma na ganin a bi sannu a hankali.

Yana riƙe da wannan muƙami aka yi taron ƙolin ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU a Accra a 1965. A 1966 kuma sojoji suka kifar da gwamnatocin ƙasashen biyu, ta Nijeriya a watan Janairu, ta Ghana a watan Fabrairu. Haka nan a zamaninsa ne shugabannin sojin Nijeriya suka gana a garin Aburi a Janairun 1967 domin kauce wa yaƙin basasa.

Malam Isa Wali ya rasu a watan Fabrairun 1967, bai kai shekara 40 ba. 'Yarsa, lauya Maryam Uwais, ta kafa wata gidauniya da sunansa domin tallafa wa mata da ƙananan yara.