Michel de Montaigne, Kakan Masu Rubuta Insha'i

A wannan fitowar na zaɓi in ba ku tarihin wani Bafaranshe wanda kusan kowannenmu ya sha wahala saboda aikinsa, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Duk wanda ya zauna jarrabawa aka ce ya rubuta insha'i a kan wani batu, to ya bi hanyar da wannan mutum ya share. Sunansa Michel de Montaigne.

An haife shi ranar 28 ga Fabrairu, 1533, a gidan gonar danginsu da ke gabashin birnin Bordo, a kudu maso yammacin Faransa. Kakanninsa 'yan kasuwa ne, sun yi arziki da fataucin kifi mai gishiri da sauran kayayyaki, har kakan mahaifinsa ya sayi wannan gona a 1477. Mahaifinsa, Pierre Eyquem, tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Italiya, daga baya ya zama magajin garin Bordo.

Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihinsa shi ne irin tarbiyyar da ya samu. Yana jariri aka kai shi ƙauye wajen talakawa don ya saba da su. Da aka dawo da shi, mahaifinsa ya ɗauko masa malami Bajamushe wanda ba ya jin Faransanci, aka kuma kafa doka cewa kada kowa a gidan ya yi wa yaron magana sai da Latin, har uwarsa da barori. Don haka Latin ne harshensa na fari. Sai da ya kai shekara 6, lokacin da aka sa shi a kwalejin Guyenne da ke Bordo, sannan ya fara cuɗanya sosai da Faransanci.

A zamanin nan Latin ne harshen ilimi a duk Turai. Da shi ake koyarwa a jami'a, da shi ake muhawara, da shi ake rubuta littattafan falsafa da likitanci. Faransanci kuwa malamai da yawa sun ɗauke shi harshen kasuwa da hira. Sai a 1539 Sarki François na Ɗaya ya kafa dokar Villers-Cotterêts, wadda ta tilasta rubuta takardun kotu da na mulki da Faransanci.

Montaigne ya zama alƙali a babbar kotun Bordo a 1557. A can ya haɗu da amininsa Étienne de La Boétie, wanda ya rasu a 1563 yana ɗan shekara 32. Wannan rashi bai bar zuciyarsa ba har ƙarshen ransa. Ya yi aure a 1565, matarsa ta haifi 'ya'ya mata 6, amma ɗaya kaɗai ta rayu har ta girma. Aikinsa na farko a fagen rubutu fassara ce. Mahaifinsa ya roƙe shi ya juya wani babban littafi na Raymond Sebond daga Latin zuwa Faransanci, aka buga shi a 1569, shekara guda bayan rasuwar mahaifin.

A 1570 ya ajiye aikin alƙalanci. A 1571, yana da shekara 38, ya koma cikin wata hasumiya a gidansa, inda ya tara littattafai kusan 1,000, ya sa aka zana maganganun hikima na Girkanci da Latin a jikin azarar ɗakin. A waje kuwa ƙasar tana cin wuta, domin tun 1562 ake yaƙin basasa tsakanin Katolika da Furotesta. Wajen 1572, shekarar da aka yi wa dubban Furotesta kisan gilla a Paris da wasu garuruwa, ya fara rubuta littafin da ya sa sunansa bai ɓace ba.

Ya raɗa wa littafin suna Essais, wato gwaje-gwaje. Yadda na fahimci hanyarsa, yakan ɗauki batu guda, alal misali tsoro, ko abota, ko ƙarya, ko tarbiyyar yara, ya juya shi ta kowace fuska, ya kawo misalai daga littattafan dauri da kuma abin da ya gani da idonsa, sannan ya auna ra'ayinsa a kai. Ba ya jin kunyar sauya ra'ayi idan hujja ta rinjaye shi. Da ya haɗu da wasu mutanen Brazil a garin Rouen, ya rubuta babi guda yana nuna cewa kowa na kiran al'adar da bai saba da ita ba dabbanci, alhali ta'asar da ake yi a Faransa lokacin ta fi muni. A babin tarbiyya kuma ya fifita malamin da ke koya wa yaro tunani a kan wanda ke cusa masa hadda.

Duk wannan da Faransanci ya rubuta shi, ko da yake Latin ya fi masa daraja a idon malamai. Shi kansa ya yi zaton littafin ba zai daɗe ba, don yana ganin yadda Faransanci ke sauyawa a zamaninsa. An buga kashi 2 na farko a Bordo a 1580, na ukun ya fito a 1588, jimillar babi 107.

Ciwon tsakuwar ƙoda ya kama shi tun 1578. Neman magani ya sa ya zaga Jamus da Suwizalan da Italiya daga 1580 zuwa 1581. Yana can aka aiko masa cewa an zaɓe shi magajin garin Bordo. Ya riƙe muƙamin har 1585, yana kuma shiga tsakanin Sarki Henri na Uku da Henri na Navarre, jagoran Furotesta. Ba zan ɓoye muku abin da ake zarginsa da shi ba. A ƙarshen wa'adinsa annoba ta faɗa wa Bordo, shi kuwa yana waje, bai shiga garin ba don miƙa mulki. Har yau masana na saɓani a kan ko tsoro ne ko hankali.

Ya rasu ranar 13 ga Satumba, 1592, yana da shekara 59, bayan ciwon maƙogwaro ya hana shi magana. Wata marubuciya, Marie de Gournay, ta fitar da cikakken bugun littafin a 1595. A Ingila, Francis Bacon ya aro sunan ya sa wa nasa littafin a 1597, aka kuma fassara na Montaigne zuwa Ingilishi a 1603. Ta nan kalmar ta shiga makarantun Ingila, ta biyo Turawa har azuzuwanmu. A 1637 René Descartes ma ya rubuta shahararren littafinsa na falsafa da Faransanci. Cocin Katolika ya sa Essais cikin littattafan da ya haramta a 1676, amma hakan bai hana karanta shi ba. Kwafin da ya yi ta wa ƙari da hannunsa a gefen shafuka yana ajiye a ɗakin karatu na birnin Bordo.

A ganina darasi biyu ne a nan. Na farko, harshe yana samun daraja ne idan masu shi suka ɗora masa kaya masu nauyi, kuma mu masu Hausa ya kamata mu yi tunani a kan wannan. Na biyu, ga 'yan'uwanmu da ke riƙe da alli da kuma mu iyaye: asalin insha'i gwajin tunani ne. Idan yaro ya haddace na wani ya juye a takarda, ko ya ci maki bai koyi komai ba. Mu bar shi ya gwada nasa, ya yi kuskure, mu gyara masa. Da koyo akan iya.