Tarihin Likita Mila, Wanda Ya Juya Bishara Zuwa Hausa

Duk wanda ya daɗe a Agege ko Idi-Araba ko Obalende ya san cewa ran Lahadi da safe akwai majami'un da in ka bi ta gefensu za ka ji ana karatu da waƙa da Hausa, sai ka ce a Jos kake ko Kafanchan. Yawancin masu sujadar nan ba Hausa ce harshen gidansu ba. Akwai Birom da Angas da Tangale da Bachama da mutanen kudancin Zariya, waɗansu sojoji, waɗansu masu gadi, waɗansu ma'aikata. Abin da ya haɗa su shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa. To, yau za mu kawo muku tarihin mutumin da ya ba da yawancin ransa ga aikin juya wannan littafi, watau Dokta Walter Miller, wanda Zage-zagi suka sani da Likita Mila.

An haifi Mila a Ingila cikin 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya ba da kansa ga ƙungiyar mishan ta C.M.S. Kafin ya zo ƙasar nan sai da ya tafi Tarabulus, inda a zamanin nan akwai Hausawa fatake da mahajjata, ya zauna cikinsu yana koyon harshe daga bakin masu shi.

Daga nan Ikko tafiyarsa ta Arewa ta tashi. A farkon 1900 su biyar Turawa suka kama hanya, Bishop Tugwell ne shugabansu. A lokacin jirgin ƙasa bai kai Arewa ba, tafiyar da yau ake yi a kwana ɗaya su watanni suka yi a kanta. Da suka isa Kano, Sarki Alu bai karɓe su ba, ya umarce su su fita daga garinsa. Suka juyo suka sauka a Girku cikin ƙasar Zazzau. Can ɗayansu, Ryder, ya rasu, rashin lafiya kuma ya kori wani zuwa gida. Wani da tuni ya haƙura, amma Mila ya dage, har cikin 1905 aka ba shi izni ya zauna a birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi.

A Zariya ya buɗe ɗakin magani da makarantar yara, amma babban abin da ke ransa shi ne fassara. Ba shi ya fara ba. Tun 1857 wani Bajamushe, Schön, ya buga Bisharar Matiyu da Hausa, da taimakon Dorugu, yaron nan da ya bi Barth zuwa Turai. Sai dai Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, saboda haka Hausarsa ta yi wa mutane nauyi. Mila ya ga cewa in Bishara za ta shiga rayuwar mutum, dole ta zo masa da harshen da yake ciniki da shi, yake yi wa ɗansa faɗa da shi, yake kuma kuka da shi ran mutuwa. Don haka ya riƙa zama da malamai da almajiransa ana auna kalma ɗaya ɗaya. Shi ne kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka dage a rubuta Hausa da boko.

Ra'ayinsa shi ne mutum ba sai ya zama Bature ba kafin ya zama Kirista. Masu bi na Zariya suka riƙe rigarsu da hularsu da gaisuwarsu da girmama manya. Abin da ake nema ya sāke shi ne hali: a faɗi gaskiya, a cika alkawari, a yi aiki da hannu, a kula da mara lafiya ko wane ne shi. A gidan mishan da karatu da addu'a ake buɗe yini, sa'an nan kowa ya kama aikinsa, mai zuwa aji ya tafi, mai wanke gyambo ya tafi. Watau a wurinsa Bishara abinci ce ta kowace rana, kuma da kaɗan kaɗan mai bi yake girma, kamar yadda yaro yake girma da tuwon kullum.

Cikin 1913 wani abu ya faru wanda ya ƙarfafa masa gwiwa. Waɗansu mutane da ake kira Isawa suka zo wurinsa. Su zuriyar mabiyan wani Malam Ibrahim ne na Kano, wanda ya zurfafa bincike a kan Annabi Isa, har aka kashe shi wajen 1867, mabiyansa suka watse zuwa wajen Ningi. Waɗansunsu suka karɓi Bishara, aka kafa musu ƙauye a Gimi, da gonaki da makaranta da majami'a. Murna ba ta daɗe ba. Ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, cikin 'yan shekaru ya kashe mutane da yawa, Gimi ta tashi. Aka kwaso waɗanda suka tsira, yawanci yara, zuwa Zariya. Wannan masifa ta gwada bangaskiyar ƙaramar jama'ar nan ƙwarai, amma ba su watse ba.

Mila mutum ne mai zafi, kuma ba ya ɓoye abin da ke cikinsa. Ya yi ta sukar yadda Turawan mulki suke tafiyar da Arewa, ya kuma yi ta sukar zaluncin da ya gani ana yi wa talakawa. Wannan ya jawo masa baƙin jini a wurin hukuma da fada. Musulmi da yawa kuma ba su yarda da manufarsa ba, ko da yake sun sha maganinsa. Cikin 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, bayan gari, abin da bai yi masa daɗi ba. A can aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa. Shi kuwa ya koma Kano ya ci gaba da fassara.

Cikin 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Aikin haɗin gwiwa ne, da hannun Turawan S.I.M. da S.U.M. da Hausawan da suka taimaka, amma Mila ne ya ɗauki mafi nauyin kayan. Shekara 32 ke nan bayan an kore shi daga Kano. Lalle sannu ba ta hana zuwa.

In da yawan mabiya za a auna shi, sai a ce bai samu abin da ya zo nema ba, domin Hausawan da suka bi shi kaɗan ne. Amma daga wannan 'yar jama'a Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, inda mahaifinsa yake aikin bishara. Littafin kuwa ya tafi inda mai fassara bai zata ba. Ƙabilun Filato da Bauci da Adamawa, masu harsuna barkatai, suka ɗauke shi ya zama littafinsu. Da shi manomi ya koyi karatu a ajin yamma, da shi matan zumunta suke ta'aziyya, da shi ake ɗaura aure, ake kuma jana'iza, har can Maraɗi da Galmi a ƙasar Nijar. Wajen 1980 aka fito da sabuwar fassara, amma a kan harsashin ta farko aka ɗora ta.

Likita Mila ya tsufa a ƙasar nan, ya rasu a Bukuru kusa da Jos cikin 1952, yana da shekara 80.

Saura ku 'yan'uwa Kirista mazauna kurmi. Neman abinci a Ikko yana cinye yini duka, mutum ya fita da asuba, ba ya dawowa sai dare, littafin yana ƙasan akwati sai Lahadi. Ga yara suna tashi da Yarbanci da Turancin kan titi, waɗansu ba sa iya karanta ko layi ɗaya da Hausa. Mutumin da ya yi shekaru yana auna kalmomin nan ya yi ne don a karanta su a tsakar gida. Ko aya biyar ce kafin a fita aiki, maigida ya tara iyalinsa a karanta, a sa yaro ma ya gwada. Maƙwabcinka Musulmi a Agege ba zai tambaye ka abin da ka karanta ba, a mudunka da alkawarinka zai gani.