Alhasan Ɗantata, falken Gwanja

Yara, a nan Adar ba wanda bai san tafiya biɗa ba. Da an gama girbin hatsi sai samari da magidanta su tashi daga Tawa, da Barmu, da Afala, da Kalfu. Wasu su nufi Abijan, wasu Ankara ko Kumashi, wasu Ikko. Wani ya komo da jari, wani ya komo ba ko kuɗin mota. Yau za mu karanta labarin wani falke wanda ya fita ƙasar waje da ɗan abin hannu kaɗan, ya zama babban attajirin Afirka ta Yamma a zamaninsa.

An haifi Alhasan a shekarar 1877 a Bebeji, cikin ƙasar Kano. Iyayensa Agalawa ne, mutanen da suka shahara da fatauci. Yana da shekara takwas ko kusa da haka ubansa Abdullahi ya rasu. Uwarsa ta tashi ta koma Ankara da zama, ta bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Daga sunanta ne aka riƙa ce masa Ɗantata.

Alhasan ya shiga makarantar allo. Bayan karatu yakan yi ƴan aikace-aikace don ya sami abin ci. An ce Tata ce ta koya masa tattali. In ya sami kuɗi, sai ya ci kaɗan, ya jefa saura cikin asusu.

Da ya kai kamar shekara 15 ya bi ayarin fatake zuwa Gwanja, ya wuce har Ankara wurin uwarsa. A wancan zamani ba mota. Ayari yakan yi wata biyu ko uku bisa hanya, madugu yana jagora. Ana ɗora wa jakkai kanwa, da tufafi, da fatu. In an isa, a sayar, a sayo goro. Goro kuwa kaya ne mai wuyar riƙo. Sai an naɗe shi cikin ganye, ana yayyafa masa ruwa, ana buɗewa ana tsince ruɓaɓɓe. Wanda ya yi sakaci, dukiyarsa ta lalace tun bai isa gida ba.

A wannan tafiya Alhasan ya ga yadda baƙo yake ciniki a ƙasar da ba tasa ba. Falke yakan sauka zango, wurin mai gida. Mai gida shi ke ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Shi ke tsaya masa in an ba shi bashi. Saboda haka baƙon da ya ci amana sau ɗaya, ba ya sake samun mai tsaya masa.

Bayan ya komo Bebeji, yaƙin basasa ya tashi a ƙasar Kano a shekarar 1893. Aka kama Alhasan cikin waɗanda aka kama, sai da aka biya fansa ya kuɓuta. Bai zauna yana kukan hasara ba. Ya sake tara ɗan jari, ya koma fatauci.

Da ya riƙa zuwa bakin teku sai ya lura da jiragen ruwa masu kai da kawowa tsakanin Ankara da Ikko. Ya ga tafiyar da jaki ke yi cikin watanni, jirgi yana yin tasa cikin ƴan kwanaki, goro kuma ya iso da ɗanyensa. Yana cikin fataken farko da suka ɗora goronsu a jirgin ruwa. Ribarsa ta ƙaru ƙwarai.

A shekarar 1912 aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Ikko zuwa Kano. Turawa suka shiga neman gyaɗa, wadda mu muke kira gujiya. Alhasan ya zauna Kano, a unguwar Sarari. A 1918 kamfanin Neja na Turawan Ingila ya nemi ya riƙa saya masa gyaɗa. Alhasan yana da yara da wakilai a ƙauyuka da yawa. Yakan ba su kuɗi tun kafin kaka, su kawo kaya, a yi lissafi. Buhunan gyaɗa suka riƙa taruwa a Kano kamar duwatsu, ana kiransu dalar gyaɗa. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20.

Alhasan Ɗantata ya rasu ran 17 ga watan Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. Kafin rasuwarsa ya yi wa ƴaƴansa wasiyya su riƙe sana'ar tare, kada su watse. Aliko Ɗangote, attajirin da ake labarinsa yau, tattaɓa-kunnensa ne ta wajen uwa.

Yara, wata rana wasunku za su fita neman arziki. Ku fara da ƙaramin jari, kada ku cinye uwar kuɗi. Ku sauka wurin mai gida amintacce, ku koyi harshen mutanen wurin da dokokin ƙasarsu. Ku rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, tun da ku kun iya karatu da lissafi. Bashin da kuka ci kuwa, ku biya shi ranar da kuka yi alkawari.

Tambayoyi

1. Don me ake ce wa Alhasan Ɗantata?
2. Wane kaya fatake ke kaiwa Gwanja, wane kuma suke sayowa?
3. Mene ne aikin mai gida a zango?
4. Don me Alhasan ya ɗora goronsa a jirgin ruwa?
5. Ku tambayi wani wanda ya taɓa tafiya biɗa a garinku: ina ya sauka, da me ya fara ciniki?