William Froude: Injiniyan da Ya Auna Manyan Jiragen Ruwa da Ƙanana

Gabatarwa

A yau, kafin a ƙera babban jirgin ruwa, akan sassaƙa ɗan ƙaramin samfurinsa, a ja shi cikin doguwar kwatarniya ta gwaji, a auna yadda ruwa ke turje masa. Wanda ya aza harsashin wannan aiki shi ne William Froude, wani injiniya ɗan ƙasar Ingila, wanda ake furta sunansa Furud.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Froude ranar 28 ga Nuwamba, 1810, a Dartington cikin yankin Devon. Mahaifinsa babban limamin coci ne. Ya yi karatu a makarantar Westminster, daga nan ya zarce Jami'ar Oxford, inda ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya a fannin lissafi a 1832. Da aikin hanyar jirgin ƙasa ya fara, kuma a 1837 ya shiga ƙarƙashin shahararren injiniyan nan Isambard Brunel. Brunel ɗin ne ya jawo hankalinsa ga matsalar tangal-tangal da jirage ke yi a teku, har ya gabatar da maƙala a kanta a 1861.

Swan da Raven

A wancan zamani maƙera jirage sun fi dogara da gado da hasashe, kuma masana da yawa na ɗaukar gwaji da ƙaramin samfuri tamkar wasan yara. A 1867 Froude ya ƙera samfura iri biyu, Swan mai dagumin baki da Raven mai tsinin baki, kowanne a tsawon ƙafa 3 da 6 da 12, ya ja su a kogin Dart. Sai ya lura cewa ƙarami da babba suna tayar da igiyar ruwa iri ɗaya, muddin an daidaita gudunsu da tsawonsu. Alal misali, idan jirgi ya ninka samfurinsa sau 25 a tsawo, to gudunsa zai ninka na samfurin sau 5. Ke nan samfuri mai mita 4 da ke tafiyar kilomita 6 a awa yana wakiltar jirgi mai mita 100 da ke tafiyar kilomita 30.

Kwatarniyar Torquay

A 1870 hukumar sojojin ruwan Birtaniya ta ba shi fam 2,000 don ya gina wurin gwaji. A watan Satumba na shekarar ne kuma jirgin yaƙi Captain ya kife da mutane kusan 500, lamarin da ya nuna wa kowa tsadar ƙira ba tare da cikakken bincike ba. Kwatarniyar da ya gina kusa da gidansa a Torquay ta kai tsawon mita 85, kuma da kakin farafin yake yin samfuran, domin yana da sauƙin sassaƙa da narkarwa.

A nan ne ya raba turjiyar ruwa gida biyu: wadda gogayyar ruwa da jikin jirgi ke haifarwa, da wadda tayar da igiya ke haifarwa. Don auna ta farko, ya riƙa jan siraran katakai masu tsawo har ƙafa 50, wasu an shafe su da banish, wasu an lulluɓe su da akoko, wasu da yashi. Ta haka ya gano yadda kaushin jikin jirgi da tsawonsa ke shafar gudunsa. A 1871 aka ja ainihin jirgin yaƙi Greyhound a teku, aka kwatanta sakamakon da na samfurinsa, suka yi kusan daidai. Gani ya kori ji, masu shakka suka sallama.

Rasuwarsa

Froude ya rasu ranar 4 ga Mayu, 1879, a Simonstown ta Afirka ta Kudu, inda ya je hutu a matsayin baƙon sojojin ruwa, kuma su suka yi masa jana'iza ta girmamawa. Ɗansa Robert ya ci gaba da aikin, ya mayar da wurin gwajin Haslar a 1886.

Kammalawa

Duk da zuwan kwamfuta, har yanzu ana jan samfura a kwatarniyoyin gwaji a ƙasashe da dama, kuma ma'aunin da ke haɗa gudu da tsawon jirgi ana kiransa lambar Froude. Ɗaliban injiniya suna amfani da ita wajen lissafin jirage da madatsun ruwa da magudanai.