Abraham Lincoln da Abokin Haihuwarsa

Duk malamin da ya taɓa cika rajistar aji ya san wannan abu. Kana cikin rubuta ranakun haihuwar yara sai ka tarar da biyu da suka zo duniya rana ɗaya. Malaman lissafi sun ce in mutum 23 suka taru a ɗaki, yiwuwar a sami biyu masu ranar haihuwa ɗaya ta ɗan zarce rabi. Saboda haka ba abin al'ajabi ba ne. Amma akwai wata rana da masu tarihi ba su gajiya da ambatonta, wato Lahadi, 12 ga Fabrairu 1809. A ranar aka haifi yara maza biyu, babban teku na tsakaninsu. Ɗaya Abraham Lincoln ne a Amurka, ɗayan kuma Charles Darwin a Ingila. Labarin na farkon nake so in ba ku, amma za mu riƙa leƙa na biyun a hanya.

An haifi Darwin a garin Shrewsbury, a babban gida mai barori. Ubansa likita ne mai dukiya, uwarsa kuwa 'yar gidan Wedgwood ce, masu masana'antar tangaram. Shi kuwa Lincoln, a jihar Kentucky aka haife shi, cikin bukkar gungumen itace mai ɗaki ɗaya. Ubansa Thomas manomi ne kuma kafinta, da ƙyar yake iya rubuta sunansa. Iyayen Lincoln 'yan wata ikkilisiyar Baptis ne wadda ba ta yarda da bauta ba, alhali a Kentucky ana saye da sayar da bayi a lokacin. A 1816 rikicin takardun gona ya sa suka ƙaura zuwa Indiana, inda doka ta hana bauta. Wurin kurmi ne sosai. Tun yaron bai cika shekara takwas ba aka damƙa masa gatari.

Abu na farko da ya haɗa yaran nan biyu bayan ranar haihuwa shi ne maraici. Uwar Darwin ta rasu a 1817 yana da shekara takwas. Uwar Lincoln, Nancy, ta rasu a Oktoba 1818 yana da shekara tara, da ciwon da ake samu daga nonon saniyar da ta ci wata ciyawa mai dafi. Bayan shekara guda ubansa ya auro wata gwauruwa mai 'ya'ya uku, sunanta Sarah. Mu nan mun saba jin labarin muguntar kishiyar uwa a tatsuniya, amma wannan matar ba haka take ba. Ta riƙe Abraham tamkar ɗan cikinta, ta kuma tsaya masa a kan karatu a lokacin da ubansa ke ganin littafi yana cinye lokacin aikin gona.

A nan nake so ɗalibai su saurara da kyau. In aka haɗa dukan kwanakin da Lincoln ya zauna a aji, ba su kai shekara ɗaya ba. Sauran iliminsa duk da kansa ya nema. Littattafan da suka shigo hannunsa kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki, tatsuniyoyin Aesop, littafin John Bunyan na tafiyar mai bi, da tarihin George Washington. Ya karanta su, ya sake karantawa, har salon maganarsa ya zama na Littafi Mai Tsarki. Ubansa yakan tura shi ƙwadago gonakin maƙwabta ya karɓe kuɗin, gama haka doka ta ba shi dama har yaro ya cika shekara 21. A 1828, da kuma a 1831, Lincoln ya tuƙa jirgin katako da kaya ya gangara kogin Mississippi har birnin New Orleans, inda babbar kasuwar bayi ta Amurka take.

Darwin kuwa makaranta ta yi masa yawa. An tura shi Edinburgh ya koyi aikin likita, ya kasa jure ganin ana yi wa mutum tiyata ba maganin kashe zafi, sai ya bari. A can ne wani baƙar fata mai suna John Edmonstone, wanda dā bawa ne aka 'yanta shi, ya koya masa yadda ake gyara fatar mataccen tsuntsu a tsayar da shi kamar mai rai. Daga nan ubansa ya kai shi Cambridge da nufin ya zama limamin ikkilisiyar Ingila. Wannan ma bai yiwu ba. A Disamba 1831 ya shiga jirgin ruwa mai suna Beagle, ya yi kusan shekara biyar yana zagaya duniya yana tara ƙwari da tsuntsaye da duwatsu. A Barazil ya ga yadda ake azabtar da bayi, har ya yi cacar baki da kyaftin ɗin jirgin a kan zancen.

A wannan shekara ta 1831 Lincoln ya bar gidan ubansa ya sauka a ƙauyen New Salem a jihar Illinois. Ya yi tsaron kanti. Ya tsaya zaɓen majalisar jiha a 1832 ya faɗi. Ya buɗe kanti tare da wani, kantin ya karye, abokin ya mutu, bashin duka ya dawo kansa, ya kuwa yi shekaru yana biya har ya gama. Ya riƙe gidan waya na ƙauyen, ya koyi awon filaye. A 1834 ya ci zaɓen majalisar jiha, ya ari littattafan shari'a ya karanta shi kaɗai, a 1836 aka ba shi izinin aikin lauya. Ya koma Springfield, ya auri Mary Todd a 1842, suka haifi 'ya'ya maza huɗu. Ɗaya kaɗai, Robert, ya kai ga manyanta. Edward ya rasu a 1850 bai cika shekara huɗu ba. Shekara ɗaya bayan haka Darwin ma ya binne 'yarsa Annie, mai shekara goma, abin da ya girgiza shi har ƙarshen ransa.

Lincoln ya yi shekara biyu a Majalisar Wakilai ta ƙasa, daga 1847 zuwa 1849, ya dawo aikin lauya kamar ya gama da siyasa. Abin da ya tashe shi shi ne dokar 1854, wadda ta buɗe ƙofa bauta ta bazu zuwa sababbin yankunan yamma. A lokacin Amurka ta rabu biyu. Jihohin kudu sun dogara ga auduga, auduga kuwa bayi ke nomanta. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu a ƙasar, jikokin mutanen da aka kwaso daga Afirka, da yawansu daga wannan gefe namu na yamma. A 1858 Lincoln ya nemi kujerar Majalisar Dattawa, ya yi muhawara bakwai a bainar jama'a da Stephen Douglas, mutumin da ya kawo dokar. Ya rasa kujerar, amma jaridu suka kai sunansa ko'ina.

Ba zan ɓoye muku wani abu ba, domin littattafan yara sukan tsallake shi. Lincoln ya ƙi bauta da zuciya ɗaya, amma a muhawarar nan ya faɗa a fili cewa ba ya neman a daidaita baƙi da farare wajen zaɓe ko zaman jama'a. Ya kuma daɗe yana ganin mafita ita ce a kwashe 'yantattun bayi zuwa Laberiya ko wata ƙasa dabam. Mutumin zamaninsa ne, da tabon zamaninsa a jikinsa. Abin da ya sa nake girmama shi shi ne bai tsaya inda ya fara ba.

A Nuwamba 1859 littafin Darwin a kan asalin jinsunan halittu ya fito, kwafi 1,250. A ciki ya ce halittu suna sākewa sannu a hankali cikin dogon zamani, waɗanda suka fi dacewa da wurin zamansu su ne ke rayuwa su bar zuriya. Gardamar da littafin ya tayar a cikin ikkilisiya ba ta kwanta ba. Waɗansu masu bi sun ƙi shi ƙememe, waɗansu kuma, kamar abokinsa Asa Gray, masanin tsire-tsire a Amurka, sun karɓe shi ba su bar bangaskiyarsu ba. Ba a shafin nan za a raba wannan gardama ba. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin, a Nuwamba 1860, aka zaɓi Lincoln shugaban Amurka na 16, da kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'u kawai, gama 'yan takara huɗu ne.

Kafin a rantsar da shi a Maris 1861 jihohi bakwai na kudu sun riga sun ɓalle, daga baya suka zama goma sha ɗaya. Yaƙin basasa ya ɓarke ran 12 ga Afrilu 1861. Da farko Lincoln ya ce yana yaƙi ne domin ƙasa ta zauna ɗaya, ba domin 'yanta bayi ba. Yana tsoron kada jihohi huɗu masu bayi da ba su ɓalle ba, ciki har da Kentucky inda aka haife shi, su bi 'yan tawaye. Masu ƙin bauta suka yi ta zarginsa da jan ƙafa. Darwin ma, daga ƙauyensa na Downe, yana bin labarin yaƙin a jarida, yana rubuta wa Asa Gray wasiƙu cewa burinsa arewa ta fito fili ta yaƙi bauta. A tsakiyar wannan wahala, a Fabrairu 1862, ɗan Lincoln mai suna Willie ya rasu a fadar shugaban ƙasa yana da shekara 11.

Ran 1 ga Janairu 1863 Lincoln ya sa hannu a shelar da ta 'yanta bayin da ke yankunan tawaye. Shelar ba ta shafi jihohin da suka zauna cikin tarayya ba, amma duk inda sojan arewa suka sa ƙafa bayi sai su sami 'yanci. Ta kuma buɗe wa baƙar fata ƙofar shiga soja, wajen 180,000 suka ɗauki bindiga. Ganin yadda mutanen nan suka ba da jininsu ya sauya tunanin Lincoln ƙwarai. A Nuwamba na shekarar ya je Gettysburg, inda aka yi mummunan faɗa, domin keɓe maƙabartar sojoji. Babban mai jawabin ranar ya yi awa biyu yana magana. Lincoln ya yi minti biyu, kalmominsa ba su kai 300 ba, nasa ne kuma yara ke haddacewa. 'Yan ƙungiyar muhawara ta makaranta sai su lura.

Zancen bangaskiyarsa yana da ɗan wuya. Bai taɓa zama cikakken ɗan wata ikkilisiya ba, yana saurayi ma an san shi da shakka. Amma a Washington yakan je sujada a majami'ar Presbiteriyan, Littafi Mai Tsarki kuma ba ya nisa da hannunsa. Da aka sāke zaɓensa, jawabin rantsuwarsa na Maris 1865 ya fi kama da wa'azi. Bai yi kirarin nasara ba, ko da yake nasara ta kusa. Ya tuna wa jama'a cewa arewa da kudu Allah ɗaya suke roƙo, ya ɗauki yaƙin a matsayin hukunci a kan ƙasar duka saboda zunubin bauta, ya roƙi a kula da gwauraye da marayu ba tare da riƙon kowa a zuciya ba. Kafin nan, a Janairu, ya matsa wa majalisa har ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda ya haramta bauta a dukan ƙasar.

Ran 9 ga Afrilu 1865 Janar Lee, babban kwamandan kudu, ya miƙa wuya. Mutanen da yaƙin ya ci sun haura 600,000. Bayan kwana biyu Lincoln ya yi jawabi ya ce ya kamata a ba waɗansu baƙar fata ikon jefa ƙuri'a, musamman masu ilimi da waɗanda suka yi soja. A cikin masu sauraro akwai wani ɗan wasan kwaikwayo mai goyon bayan kudu, John Wilkes Booth. Ran 14 ga wata, ranar Jumma'ar da ikkilisiya ke tunawa da gicciye Almasihu, Booth ya harbe shi a ka a gidan wasan kwaikwayo na Ford. Ya cika da safiyar kashegari, yana da shekara 56. Bai ga ranar da gyara na 13 ya zama doka ba, a Disamba na shekarar.

Darwin ya ƙara shekara 17 a duniya bayansa. Ya daina shiga sujada, amma yakan aika da gudummawa ga wata ƙungiyar mishan mai aiki a can ƙurewar Amurka ta Kudu, saboda ya ga mutanen wurin da idonsa, ya kuma ji abin da aikin ya yi musu. Ya rasu ran 19 ga Afrilu 1882, aka binne shi a majami'ar Westminster a Landan, inda David Livingstone yake kwance. Shi da Lincoln ba su taɓa haɗuwa ba.

Akwai mutum na uku da zancen ranar haihuwa ya jawo. Frederick Douglass bawa ne da ya gudu daga jihar Maryland, ya zama babban mai magana da yawun baƙar fata. Ya soki Lincoln, ya kuma gana da shi sau uku a fadar shugaban ƙasa, bayan rasuwar Lincoln kuwa matarsa ta aika wa Douglass da sandarsa. A 1926 wani masanin tarihi baƙar fata, Carter Woodson, ya keɓe mako na biyu na Fabrairu domin koyar da tarihin baƙar fata a makarantu, saboda ranakun haihuwar Lincoln da Douglass suna cikinsa. A 1976 makon ya zama wata guda. Sai dai ranar Douglass, 14 ga Fabrairu, shi ya zaɓa wa kansa, gama ba wanda ya taɓa faɗa masa ranar da aka haife shi. Bayan mutuwarsa da daɗewa aka gano sunansa a littafin lissafin ubangidansa, cikin jerin bayi. An rubuta Fabrairu 1818, ba a rubuta ranar ba.