Alhaji Abubakar Imam, Editan Gaskiya Ta Fi Kwabo

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, daga nan ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Littafinsa Ruwan Bagaja, wanda ya shiga gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da shi, shi ya sa Dokta Rupert East ya gane gwanintarsa, har ya gayyato shi Zariya inda ya rubuta Magana Jari Ce.

Ɗalibai sun fi saninsa da waɗannan littattafai, amma aikin jarida ya fi cin shekarunsa. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, shi ne kuma editanta na Hausa. A lokacin jita-jita ta cika ƙasa cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, gwamnatin mulkin mallaka kuwa tana neman hanyar ƙaryata zancen.

Wannan ya jefa editan cikin tsaka mai wuya. Jaridar ta gwamnati ce, amma da zarar masu karatu sun ɗauke ta a matsayin bakin Bature kawai, ba wanda zai gaskata ta. Imam ya riƙa ba da labaran Yaƙin Duniya na Biyu cikin Hausa mai sauƙi, irin wadda za a karanta wa jama'a a zaure kowa ya fahimta, ko da bai yi boko ba. Ya kuma ba wasiƙun masu karatu fili, inda malamai da akawuna suka fara bayyana koke-kokensu game da mulkin En'e, abin da ba a saba gani a rubuce ba.

A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe. Ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Azikiwe ya shirya, amma ya gana da Lugga ya zayyana masa matsalolin Arewa ba ɓoye-ɓoye. Labarin tafiyar yana cikin Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Bayan kimanin shekara 12 yana edita, ya shiga majalisa, daga baya ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa a Kaduna. Ya rasu a Zariya a shekarar 1981.